Zan koma garin masu hali da ke gefen birni, me ya kamata in sani?

"Assalamu alaikum Malam. Ni da maiɗakina da yara uku shekara tara kenan muna haya a tsakiyar birni. Yanzu Allah ya hore min abin sayen gida a wani gari da ke gefen birnin, kamar kilomita 30 daga wurin aikina. Garin sabo ne, masu hali ne suka fi yawa a ciki, titi fes, makarantu masu kyau, ba hayaniya, kuma kullum gini ake ta yi. Uwargida ta ƙosa mu koma, ni kuma zuciyata na rawa. Mene ne gaskiyar zama a irin wannan gari, kuma me zan duba kafin in zuba kuɗina?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a abin da ka samu. In na fahimce ka daidai, kana so ka san ko daɗin da ka gani ranar da ka je kallon gida zai ɗore, ko kuwa kallon kitse ake yi wa rogo. Na daɗe ina aikin tsara gari, taswira da awon fili da zaman amincewa da gine-gine, kuma tambayar nan taka tana zuwa min a kai a kai. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, a cikin bayanin da ka yi, kalmar da ta fi nauyi ita ce "kullum gini ake". Garin da ka gani yau wani ne daban da wanda za ka zauna a ciki nan da shekara bakwai ko goma. Shirun nan da ya burge ka, da titin da ba kowa, da filin da ka hango ta taga, yawancinsu sun samu ne saboda mutane ba su gama zuwa ba tukuna, kuma kai ma kana cikin masu zuwan.

Yadda irin waɗannan garuruwa ke tashi

Kusan ko'ina labarin ɗaya ne. Birni ya cika, haya ta yi tsada, sai a samu babbar hanya da ta fita waje, gonakin da ke bakinta su zama fulotai, masu kuɗi su fara zuwa don a can ne za su samu fili mai faɗi, makarantu masu zaman kansu da manyan shaguna su biyo su, sunan wurin ya fita, sai kowa ya so zuwa. A Amurka, Levittown da ke kusa da New York gonakin dankali ne kafin 1947, zuwa 1951 an gina gidaje sama da 17,000 a wurin. Garin Frisco da ke arewacin Dallas a jihar Texas mutanensa wajen 33,000 ne a ƙidayar 2000, a 2010 sun kusa 117,000, a 2020 sun haura 200,000. Ka duba fa, ninki shida cikin shekara ashirin. Wanda ya sayi gida can a 2000 don yana son ƙaramin gari, ɗansa bai gama jami'a ba sai da garin ya zama birni.

Saurin nan shi ne tushen kusan duk wata matsala da za ka haɗu da ita, saboda gida ana gama shi cikin shekara ɗaya, amma babbar hanya ko madatsar ruwa ko asibiti sai an yi kasafi, an biya diyya, an ba da kwangila, shekara biyar ko goma ta wuce. Kullum gidaje na gaba, kayan more rayuwa na bin su a baya suna haki. Misalin da muke yawan kawowa a fagenmu shi ne Gurgaon da ke kusa da Delhi a Indiya, wanda yanzu ake kira Gurugram. Kamfanonin gini ne suka tashe shi, dogayen benaye da ofisoshin manyan kamfanonin duniya da rukunin gidaje masu katanga, amma sai a 2008 garin ya samu cikakkiyar hukumar birni tasa. Cikin katanga komai tsaf, janareta da tankar ruwa da masu gadi, wajen katanga kuwa magudanar ruwa ba ta haɗu da juna ba. A watan Yulin 2016 ruwan sama ya tsayar da babbar hanyar garin, mutane da yawa suka kwana cikin motocinsu. Kuɗi kam akwai su a garin, abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ɗauki nauyin abin da ke tsakanin katanga da katanga.

Hanya da lokaci

A nan zan fi daɗewa, don a nan ne na fi ganin mutane suna nadama. Ka ce kilomita 30, to ni ba na auna nisa da kilomita, da minti nake aunawa, kuma mintin safiyar Litinin, ba na Asabar da la'asar ba lokacin da dillali ya fi son kai mutum kallon gida. Mu ɗauka minti 45 ne zuwa, 45 dawowa. Awa ɗaya da rabi kenan kullum, a kwanakin aiki 240 ya zama awa 360 a shekara, daidai da kwanakin aiki 45 na awa takwas-takwas. In garin ya cika tafiyar ta koma minti 70, lissafin ya zama awa 560. Wannan lokacin daga wani wuri za a cire shi, kuma yawanci daga barcinka ne da zaman da kake yi da yara da dare.

Wani masanin Italiya, Cesare Marchetti, ya yi rubutu a 1994 yana nuna cewa tun zamanin tafiyar ƙafa har zuwa na mota, ɗan Adam wajen awa ɗaya yake warewa a rana don zuwa da dawowa, abin hawa ne kawai ke canzawa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi bayanan mutanen Jamus suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi bayyana rashin gamsuwa da rayuwarsu, wato babban gidan da albashin ba su cike musu gurbin ba. Ni ma abin da na lura da shi kenan. Mutum yana sabawa da babban falo cikin wata uku har ya daina ganinsa, amma gosulo ba a sabawa da shi, saboda yau minti 40 ne gobe awa biyu, ba ka san da wanda za ka tashi ba.

Za a ce maka ai gwamnati za ta faɗaɗa hanyar, ko za a yi gadar sama. Wataƙila a yi ɗin, kuma za ka ji sauƙi na ɗan lokaci. Amma sabuwar hanya tana jawo sabbin gidaje, sabbin gidaje su kawo sabbin motoci. Wasu masana tattalin arziki, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun nuna a 2011, da bayanan biranen Amurka, cewa in aka ƙara tsawon layukan manyan hanyoyi da kashi goma, tafiyar motoci ita ma tana ƙaruwa da kusan kashi goma. Babbar hanyar Katy a birnin Houston na Amurka an gama faɗaɗa ta a 2008, a wasu wurare ta kai layi 26 in an haɗa da na gefe, cikin 'yan shekaru lokacin tafiya ya sake hawa. Shi ya sa in ana tallata min gari, tambayar da nake yi ita ce hanya nawa ce ke fita daga cikinsa. In ɗaya ce tak, ranar da tirela ta faɗi a kai kowa ya zauna. In akwai jirgin ƙasa ko bas mai layinsa na kansa, wannan garin ya fi maƙwabcinsa daraja a idona ko da gidajensa sun fi ƙanƙanta.

Akwai kuma ɓangaren da maigida ba ya gani don ya fita tun da asuba. A irin waɗannan garuruwa an raba gidaje gefe, shaguna gefe, makaranta can wani gefe, komai sai da mota. To uwargida fa? In motar ɗaya ce kuma ka tafi da ita, ta zama a kulle har ka dawo, ita da ƙaramin yaro, ba shagon da za ta taka da ƙafa, ba 'yar'uwa kusa. Iyalai da yawa da na sani ba su yi shekara ba sai da suka sayi mota ta biyu, wanda ba ya cikin lissafinsu na farko. Wata cibiyar bincike a Chicago ta fito da ma'auni mai amfani, cewa kuɗin gida da na zirga-zirga in an haɗa su kar su wuce kashi 45 na abin da ke shigo wa iyali. Ka zauna da biro ka yi wannan lissafin, ka sa mai da gyara da taya da inshora da faɗuwar darajar motar kanta.

Wa zai gyara in ya lalace

Sabon gari yana da kyau ne don komai na cikinsa sabo ne a lokaci guda, kuma don haka ne komai zai tsufa a lokaci guda. Kwalta, bututun ruwa, taransifoma, fitilun titi, duk suna da shekarunsu, kuma yawanci kamfanin da ya gina ne ya sa su ya zuba kuɗin cikin farashin gida. Ranar da ya sayar da gida na ƙarshe ya tattara ya tafi wani filin. Daga nan nauyin ya koma kan hukumar gari ko ƙungiyar mazauna. Gari mai manyan filaye da gidaje tsilla-tsilla yana da titi da bututu mai tsawo a kan kowane gida ɗaya, ma'ana kason kowa a gyaran ya fi yawa. Muddin ana ta sabon gini, kuɗin izini da harajin sabbin zuwa suna rufe ɓarakar, sai filin ya ƙare ake gane ainihin lissafin, a ga haraji ko kuɗin hidima ya yi tsalle.

Wannan damuwar tsohuwa ce. Ebenezer Howard, wanda ya kawo tunanin gari mai lambu a Ingila a 1898, har aka fara gina garin Letchworth a 1903 a kan tunaninsa, ya tsara gari na mutum 32,000 da gonaki kewaye da shi da ba za a taɓa ba, kuma ya ce filin garin ya zama a hannun amintattu domin ribar tashin darajarsa ta koma wa hidimar mazauna. Masu gini na yanzu sun ɗauki bishiyoyin da faffaɗan titin, suka bar maganar wa zai riƙe garin.

Na taɓa shiga wani rikici a wani rukunin gidaje masu tsada, an kira mu ne bayan damina ta uku ruwa ya fara shiga gidajen da ke gangare. Da muka ciro tsohon hoton sama na wurin sai ga shi ƙarara, rafi ne ya ratsa filin, an cike shi an yanka fulotai a kai, aka sa kwalbati da aka auna da ruwan lokacin da saman tudun gonaki ne. Daga baya saman tudun ma aka gine shi, kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti. A ƙasa mai ciyawa da bishiya wajen kashi 10 na ruwan sama ne ke gudu a sama, sauran ya nitse ko ya tashi sama, a wurin da aka rufe da rufi da kwalta kuwa yana kai wa kashi 55. Ruwa bai canza hanyarsa ba, yawansa ne ya ninka. Kamfanin ya ce ya miƙa wa ƙungiyar mazauna, ƙungiya ta ce ba ta karɓi takarda ba, hukuma ta ce titin ba ya cikin rajistarta. Abin ya dame ni sosai, don akwai wani dattijo a layin da ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a gidan, kuma tun ran gini ran zane, da an duba hoton nan kafin a sa hannu da ba a kai ga haka ba.

Don haka ka nemi amsa a rubuce. Titin ƙofar gidan na hukuma ne ko na mazauna? Ruwan daga ina yake zuwa, in rijiyar burtsatse ce zurfin nawa aka yi shekara biyar da suka wuce kuma nawa ake yi yanzu, don bambancin zai gaya maka ko ruwan ƙasa na ja da baya. Ƙungiyar mazauna tana da asusun ajiya na manyan gyare-gyare ko sai abu ya fashe ake bin gida-gida? Kuɗin hidima sau nawa aka ƙara shi? Ka karanta dokokin ƙungiyar ma, wasu suna hana ƙara ɗaki, ko sa ɗan haya, ko yin sana'a a cikin gida, ko canza fentin katanga.

Makaranta, maƙwabta, da zama cikin masu hali

Maganar makaranta gajeriya ce, ka je da kanka ka tambayi yara nawa ne a aji kuma akwai gurbi a ajin da naka za su shiga, don a gari mai cika da matasan iyalai makarantar da ta yi suna ita ce ke fara cika. Asibiti kuma ka auna minti nawa ne zuwa wanda ke karɓar gaggawa da tsakar dare.

Zaman maƙwabtaka yana da fuska biyu. Tunda kowa baƙo ne, ba wanda ya gaji wurin, sau da yawa mutane sun fi buɗe ƙofa ga sabon zuwa fiye da tsohuwar unguwa, musamman ta hanyar yara da wurin ibada da taron mazauna. Amma dole sai ka nema, don tsarin gidajen bai taimaka ba, mutum ya shigo da mota get ya rufe, za ku iya shekara biyu ba ku gaisa ba. Yara ƙanana suna jin daɗi sosai, ga fili ga keke ga iska mai kyau. In sun kai shekara goma sha uku zuwa sama sai wurin ya fara yi musu ƙunci, ba inda za su je da ƙafa, ku kuma ku zama direbobinsu.

Sai kuma abin da mutane ke jin nauyin faɗa. Zama cikin masu hali yana da kuɗinsa. Ba wanda zai tilasta maka, amma yaronka zai dawo da labarin hutun da abokinsa ya je, motarka da take daidai a tsohuwar unguwa za ta fara yi maka kama da tsohuwa, shagunan wurin ma da aljihun maƙwabtanka suke sa farashi. Wanda ya shiga da sauran numfashi a aljihunsa yana zaune lafiya. Wanda ya tattara komai ya sayi gidan da ƙyar, shi ne ke shan wahala a ɓoye. Kuma ina so ka lura da mutanen da garin ke tsaye a kansu, malaman makaranta, masu gadi, masu aikin gida, nas-nas, makanikai. In babu gidan da za su iya kamawa a cikin garin, daga nesa za su riƙa zuwa, su ƙara cunkoso, su yi ta barin aiki, ko kuma unguwar da ba tsari ta tashi a bayan katanga. Garin da ya yarda da ƙananan gidaje da benayen haya kusa da manyan ya fi lafiya, ko da wasu mazaunan suna ƙorafi a kai.

Darajar gidan fa?

Yawanci tana tashi, musamman ga wanda ya shiga da wuri, amma kar ka gina shawararka a kan haka kaɗai. Inda fili ya yi yawa, gidanka na shekara takwas yana gasa da sabon da aka gama jiya a layi na gaba. Kuma in kasuwa ta karye, garuruwan can gefe su ne ke fara jin jiki, kamar yadda aka gani bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, inda farashin gidaje a yankin Las Vegas na Amurka ya faɗi fiye da rabi, a Ayalan da Sifaniya kuma aka bar rukunin gidaje da yawa ba a ƙarasa ba. In da bashi za ka saya, ka tabbata za ka iya biya ko da aiki ya tsaya na wasu watanni.

Abin da zan yi da ni ne

Ni ban taka garin naku ba, kuma taswira ba ta nuna abin da ke tsakanin mutum da iyalinsa, wataƙila hayaniya da matsin da uwargida take ciki yanzu sun fi duk abin da na lissafa nauyi, wannan ku biyu ne za ku auna. Amma da ni ne, zan fara da haya na shekara ɗaya a garin in hali ya yi, don in ga rani in ga damina. In ba zai yiwu ba, zan kwana can ranar Lahadi in fito aiki Litinin a lokacin da zan riƙa fita, in dawo a lokacin tashi, in maimaita ko sau uku ne. Zan je bayan an yi ruwa mai ƙarfi in duba inda ya kwanta da alamar laka a jikin katanga. Zan shiga ofishin tsara gari in nemi babbar taswirar wurin, don filin nan da ke bayan gidan wani ne ke da shi kuma akwai abin da aka amince a gina a kai, ko makaranta ce ko gidan mai ko bene hawa takwas, gara ka sani yau. Zan sa lauya ya bincika takardar filin a rajista, ban da kwafin da mai sayarwa ya miƙo. Duk abin da aka ce "za a yi", asibiti ne ko kasuwa ko sabuwar hanya, zan lissafa shi a matsayin babu har sai na ga an zuba kankare.

Sannan zan nemi mutum biyu ko uku da suka yi shekara biyar zuwa sama a wurin, ban da waɗanda dillali ya haɗa ni da su, in tambaye su me ya canza tun zuwansu. Mai gadin layi da direban da ke kai yara makaranta sun fi kowa sanin ranar da ruwa ke yankewa da mahaɗar da ke toshewa. Kuma ka tafi da uwargida a ranar aiki da hantsi, ku ajiye motar a ƙofar gidan, ku taka da ƙafa na minti goma sha biyar ku ga me za ku iya kaiwa, don a wannan lokacin ne ita za ta riƙa zama a garin.